Duhawan Basiru

Ranar wata Asabar ce a ƙarshen damina, shekarar da iska ta ɗauke rufin ajinmu muka koma karatu a gindin darbejiya, ina aji shida na firamare. Inna ta sa an kawo mata farar ƙasa daga Ƙanƙara, ta jiƙa ta a babban daro don ta shafe ɗakinta da ruwan sama ya ɓata, ta ce in sa ido kada kaji su faɗa. Na je rijiya na dawo na tarar daro ya koma rabi. Na bi ɗigon fari har bayan rumbu, sai ga yaran unguwarmu a tsugune cikin inuwa, kowa ya damɓara farar ƙasa a kai, an shafe fuska da baƙin tukunya, an maƙala ganyen masara a kunne ya yi tsini sama. Ba mai motsi, ba mai magana. A tsakiyarsu ƙanena Basiru ne, ya yafa zanen Inna na zuwa biki. Na buɗe baki zan fara masifa, ya ɗaga mini hannu kamar wani alƙali, ya ce, "Yaya, matsa can, kin taka inuwar Talle." Ranar ni na sha bulala a hannun Inna, don ni aka bar wa tsaron daro.

Haka zamana da Basiru yake tun yana rarrafe: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Shekara biyu na ba shi, kuma tun da aka yaye shi aka ɗora mini shi. Ba shi da faɗa, ba shi da sata, ba ya fashin makarantar allo, a boko kuma shi ke ɗaukar na ɗaya. Ciwonsa guda ne, kansa ba ya zama wuri ɗaya. A aike shi sayen manja, sai a tsince shi a gindin suri yana kallon gara. Gidanmu yana bayan garin Faskari, daf da duwatsu, kuma cikin duwatsun akwai wata tsaga mai duhu wadda ko akuya ba ta shiga. Wata rana Baba ya tafi da shi Funtuwa sayen taki, ya ga wani hoto manne a shagon masu hayar finafinai: wani mutum baƙi ƙirin, gashinsa fari fat, kunnuwa dogaye kamar na jaki. Ya tambayi mai shago ko wane ne, mai shago ya kore shi. Da ya rasa mai gaya masa, sai ya gaya wa kansa. Kafin su iso gida ya riga ya raɗa musu suna Duhawa, ya ba su gari a ƙarƙashin duwatsunmu, ya mai da waccan tsaga ƙofarsu.

Da a nan ya tsaya da ban damu ba, wane yaro ne bai taɓa ƙirƙiro dodo ba? Amma shi sai ya ce mutane ba sa zama haka nan ba abin da suke bauta wa, ya zauna ya ƙera musu addini sukutum, kuma ni ce ta fara shan sa. Muna tsinkar wake a gona, ni ina cika kwando, shi yana biye da ni da ƙwaya uku a hannu yana zuba. Wai da can Duhawa a sarari suke zaune, Rana kuwa wata azzalumar sarauniya ce da ta ce dole kowa ya kalli fuskarta. Da suka ƙi, ta ƙone su suka yi baƙi, gashinsu ya zama toka. Sai wata da suke kira Mai Mayafi ta ji tausayinsu, ta yayyaga mayafinta ta ba kowa ƙyalle ya fake, kuma wannan ƙyalle shi ne inuwa. Shi ya sa a wurinsu babu zunubin da ya kai taka inuwar wani. Ba sa musafaha, sai dai mutum biyu su tsaya har kawunan inuwarsu su haɗu. Da tsakar rana, sa'ad da inuwa ke shigewa ƙarƙashin ƙafa, wai Rana ce ta ƙwace mayafin, sai su tsuguna su yi shiru suna makoki har ta sake shi. Ba sa cin abin da ya nuna a idon rana, sai abin da ya nuna cikin duhun ƙasa: gyaɗa, dankali, rogo, gurjiya, aya, makani. Malamansu kuwa tsofaffin mata ne da ake kira Masu Ɗinki. In Baduhe ya mutu, su ke ɗaukar inuwarsa su ɗinke ta a jikin babban mayafin, wato dare. Taurari ramukan da ba a kai ga toshewa ba ne, kuma ranar da aka toshe na ƙarshe, ranar Duhawa za su huta.

Na kan ce masa a'uzu billahi, ka yi mini shiru ka tsinki wake. Na kan ce wallahi in Malam ya ji ka, sai bayanka ya gaya maka. Shi kuwa ko a jikinsa. Amsarsa kullum guda ce: "Ni ban ce gaskiya ba ne, Yaya. Su ne suka ce." Su wa? Mutanen da ya ƙirƙiro shekaranjiya a bayan motar taki! Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, in ya yi shiru sai in ji ina son in san abin da ya faru da wata Mai Ɗinkin da ya ce ta ɗinka inuwar mijinta a karkace. Ba na tambaya, don kada ya samu bakin magana. Sai in rage sauri har ya cim mini.

Abu kamar wasa, labari ya fita daga gona ya shiga unguwa. Basiru ba ya cewa tatsuniya zai yi, ba ya jiran a ci tuwon dare a shimfiɗa tabarma. Da rana tsaka, a bakin rijiya ko a hanyar makaranta, sai kawai ya ce, "Kun san jiya wata Mai Ɗinki ta ɓatar da allurarta?" kamar mai ba da labarin abin da ya faru a kasuwar Sheme. Manyan yara sun san wasa ne. Ƙananan kuwa ba su sani ba, kuma su ne suka fi yawa. Aka daina langa, aka daina carafke, aka koma wasan Duhawa. Layin safe a makaranta ya zama abin takaici, yara na tsalle-tsalle suna kauce wa inuwar juna, hedimasta na ta daka tsawa bai san abin da ya shiga ƙafafunsu ba. In aka aiki yaro kai abinci gona da azahar, sai a same shi a tsugune gindin kuka, fura na tsami a ƙwarya, wai yana makoki. Ni kuma duk inda na bi sai a tare ni, "Uwani, ki ja wa ƙanenki kunne." Kamar ban ja ba! Na ja har kunnen ya kusa kai na mutanensa tsawo.

Sai maganar abinci ta taso, kuma nan ne iyaye mata suka shigo. Dawa da gero da masara duk a idon rana suke nuna, don haka Baduhen kirki ba ya cin tuwo. A unguwar da tuwo ne safe, tuwo ne dare, yara suka fara ture kwano. Uwa ta sha wahalar surfe da niƙa da tuƙi, ɗa ya ce shi gyaɗa zai ci. Shi kuwa mai addinin, ya zauna ya lashe tuwonsa tas har da neman ƙari, don a cewarsa shi ba Baduhe ba ne, labarinsu kawai ya sani. Na ce to ka gaya wa mabiyanka mana! Ya ce ba su tambaye shi ba. Yunwa kuma ba ta san wasa ba. Cikin 'yan kwanaki aka wayi gari an tone wa maƙwabcinmu Malam Idi kunyoyin dankalinsa tun bai ƙosa ba, aka bar masa ganye a kwance. Da ya bi sawu, sai sawu ya kai shi ɗakin matarsa, don ɗansa Talle, wanda bai wuce shekara shida ba, shi ya ja ayarin.

Dankali ba shi ya tayar da hankali ba, Malam Idi mutum ne mai haƙuri. Abin da ya tayar da hankali shi ne, da ya riƙe Talle yana tambayarsa, yaron ya durƙusa ya dafa inuwarsa da tafin hannu, ya ce ya rantse da Mai Mayafi ba shi kaɗai ba ne. A gaban ubansa, a ƙofar masallaci, mutane na alwala! Kafin la'asar zauren gidanmu ya cika. Ina tsakar gida ina ɓarar gyaɗa, ina jin muryoyi suna tashi suna sauka. Wani ya ce iska ce ta shafi yaron a duwatsu. Wani ya ce ba wata iska, boko ce, ita ke sa yaro tunanin da ya fi ƙarfin kansa. Aka kira Basiru, aka sa ya karanta abin da ya sawwaƙa, ya karanta tiryan-tiryan ba tuntuɓe. Aka tambaye shi ko ya yarda da wata Mai Mayafi, ya ce subhanallahi, shi Musulmi ne. Aka ce to wa ya yarda da ita? Ya ce Duhawa. Ina jin haka na dafe kai, don na san ya gama da kansa.

Baba ba mai duka ba ne, kuma da dukan ya yi da ya fi sauƙi. Bayan mutane sun watse ya shigo ya tsaya a tsakar gida, ya ce wa Inna ta haɗa wa Basiru kayansa. Yayansa, Baffa Haruna, yana noma a wani ƙauye cikin dajin Sabuwa, inda babu makarantar boko ko ta shaida, kuma yana nan tafe ranar Juma'a. Zai tafi da yaron. "Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi," in ji Baba. "In ya riƙe fartanya daga safe har yamma, mu ga inda zai samu sararin ƙera ma mutane addini." Inna ta shiga ɗakinta mai rabin shafe ta saki labule. Ni kuwa da na shekara ina addu'ar Allah ya raba ni da wannan jarabar, sai na ji gyaɗar ta fita raina. Yaron da malamai ke cewa zai yi nisa, a cire shi daga aji huɗu saboda mutanen da babu su! Na rasa wanda zan fi jin haushi, shi, ko Talle, ko dattawan da suka cika zaure a kan maganar yara.

Iya ce ta shiga tsakani, mahaifiyar Baba, wadda idonta ya yi rauni amma kunnenta ba abin da ke wuce shi. Ta sa aka kira mata Basiru, ta ce ya ba ta labarin tun daga farko. Ya ba ta, tana ta gyaɗa kai, har ta tambaye shi da wane irin zare ake ɗinka inuwa. Da ya gama ta ce, "To da ka fara ba su, ka ce ga ta nan ga ta nanku?" Ya ce a'a. "Da ka tashi, ka ce ƙurunƙus?" Ya ce ai bai ƙare ba. Ta tafa hannu ta aika a kira Baba. Ta ce masa, "Wanga ba iska ba ne, ba kuma boko ba ce. Tatsuniya ce aka bari ba ƙyaure. Mu ma mun yi ma ku ta dodanni da aljannu, mi ya sa ba ku bi su ba? Don mun buɗe, mun rufe, kuma ba mu yi da rana ba. Ɗiyan mutane sun ji labari ba kai ba gindi, tsakar rana, dole su ɗauka gaskiya ne." Ta ce a tara yaran duka a gabanta bayan magariba, Basiru ya buɗe labarinsa yadda ake buɗewa, ya kai shi ƙarshe, ya rufe yadda ake rufewa, kowa ya ji da kunnensa. Baba ya ce ya yarda, amma da sharaɗi: in an rufe an rufe ke nan, kada ya sake jin sunan Duhawa a bakin kowa. In kuwa Juma'a ta yi ba a rufe ba, buhun kaya na nan.

Kowa ya yi ajiyar zuciya, ban da mai laifin. Buɗar bakinsa sai ya ce shi ba zai iya ba, wai taurari suna da yawa, Masu Ɗinki ba su yi ko rabi ba, in ya rufe yanzu ya yi musu ƙarya. Jama'a, ku ji mini yaro! Ana ga yaƙi yana ga ƙura. Kwanakin nan na bi shi da lallashi, na bi shi da zagi, na yi masa alkawarin ƙuli-ƙuli, na ce zan fasa masa kai da muciya. Na kwatanta masa dajin Sabuwa, da sauro, da hanyar da mota ba ta bi da damina. Shi dai yana ta zane a ƙasa da tsinke. Ranar Alhamis Inna ta wanke masa kaya ta shanya, har da rigar makaranta, sai ta tsaya ta dube ta, ta cire ta daga cikin na tafiya ta ninke daban. Yana tsaye yana kallo. Na ce masa, "Ka gani ko? To zauna nan. Su Duhawan naka ko makaranta ba su da ita, kai ma ka zama ɗaya." Sai na ga idonsa ya bi rigar har cikin akwati.

Da aka idar da sallar magariba ya je da kansa ya ce wa Iya a kira su. Yara suka cika tsakar gidanmu, iyaye mata suka tsaya ta bakin zaure, Baba da Malam Idi suka zauna daga waje inda za su ji. Basiru ya zauna a gefen tabarmar Iya, ba farar ƙasa, ba ganyen masara. Ya ce, "Ga ta nan ga ta nanku," da wata murya ƙasa-ƙasa. Yara suka yi tsit, sai da Iya ta zungure su suka amsa, "Ta zo mu ji ta." Na zaci kashe Duhawan zai yi a huta, ko ya sa Rana ta ƙone su. Bai yi haka ba. Ya ce wata rana babbar Mai Ɗinki ta leƙo ta tsagar dutse, ta ga 'ya'yan mutanen sama suna kwaikwayonsu, suna ƙin tuwon iyayensu, suna rantsuwa da abin da ba nasu ba. Ta koma ta ce wa jama'arta, mayafinmu ya fara yi wa wasu nauyi. Sai Duhawa suka kwashe irin gyaɗarsu da allurarsu, suka gangara can ƙasa inda ba a jin motsin kowa, suka jawo dutse suka toshe ƙofa ta ciki. Ɗinkin da ya rage za su ƙarasa shi a can, ba mai gani. Sannan ya ce, "Ƙurunƙus kan kusu." Talle ya fashe da kuka, uwarsa ta ɗauke shi. Washegari duk unguwa aka ci tuwo, Baffa Haruna kuma ya koma Sabuwa shi kaɗai da buhun iri.

Basiru ya ci gaba da karatunsa, kuma ya yi nisan da aka ce zai yi. Yanzu yana aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti a Katsina, da matarsa da 'ya'yansa. Amma tun daga wannan magariba ban sake jin ya ba da labari ba, ko na Duhawa ko na wani. Sharaɗin Baba a kan suna ɗaya ne, shi kuwa ya haɗa duka ya rufe, don bai taɓa iya yin abu rabi da rabi ba. Yaron da ya hana ni sakat a gonar wake ya zama mutumin da sai ka yi da gaske za ka ciro jimla biyu daga bakinsa. Duwatsun ma yanzu ba mai bari ɗansa ya je, tun da zaman lafiya ya yi ƙaranci a yankinmu, gonar waken kuwa ta daɗe ba a shuka ta ba. 'Ya'yana suna kwance a ɗaki da waya, suna wasa da wasu baƙaƙen mutane masu dogon kunne da farin gashi waɗanda wasu can suka zana, ba abin da suka iya sai sara da suka. Na ce musu kawunku ya yi waɗanda suka fi waɗannan tun yana aji huɗu, suka dube ni suka yi dariya, wai Kawu Basiru da ko hira ba ya yi.

Kwanakin baya ya zo gaishe ni. Na tambaye shi yadda aka ƙare da wadda ta ɗinka inuwar mijinta a karkace, tambayar da na riƙe tun ina aji shida. Ya yi ɗan tunani, ya ce, "Wace ce kuma, Yaya?" Na ji kamar in ɗauko muciyar nan da na yi masa alkawari. Da la'asar na raka shi bakin mota, rana ta yi ƙasa, inuwoyinmu sun miƙe a ƙofar gida. Ya bi ta kan tawa ya wuce yana duba waya, ko waiwaye bai yi ba. Ni kuwa sai na ga ƙafata ta yi kwana da kanta, ta zagaye tasa, kamar yadda take zagaye ta kowa a kasuwa da gidan biki duk shekarun nan. Shi ya rufe tatsuniyarsa ya tafi, ni ya bar ni a ciki.